Ud da wardi a zafin Akra: wace kwalba za a sa a lefe?

Saura wata biyu bikin ƙanwata, angon ya aiko mata da saƙo cewa ta zaɓi turare ɗaya, komai tsadarsa, yayansa da ke zuwa Dubai sarin kaya zai taho da shi a sa a lefe. Ranar Laraba, bayan mun dawo daga kasuwar Nima, ta biyo ni ɗaki ta miƙo mini wayarta. Sunaye huɗu ta rubuta: Oud Satin Mood, Oud Ispahan, Ombre Nomade da Black Aoud. Ta ce, "Yaya, ke ce mai hancin turare a gidan nan. Duka ud ne da wardi, duka an ce suna kama jiki. Ki fitar mini da ɗaya." Goggonmu na zaune a bakin ƙofa tana jin mu. Ta ce, "Ku bar wahalar da ɗan mutane. Rubu'in tola na man ud daga Makka ya fi duk kwalaben nan."

Na daɗe ina bin turare. Wani na sayi kwalbarsa, wani na sayi ɗan tsiyaye kaɗan, wani kuma a jikin ƙawaye na san shi, a wurin biki da suna. Abin da na fara gaya wa ƙanwata shi ne waɗannan huɗun ba abu ɗaya ba ne, ko da yake kowanne na ɗauke da sunan ud. A cikin kowace kwalba akwai wanda ke gaba da wanda ke bin baya. A wata fure ne mai gida, ud baƙo ne. A wata kuma ud ne ya zauna daram, furen na leƙe ta taga. In ba ki gane wannan ba kafin a kashe kuɗi, kwalbar za ta ƙare a kan madubi tana kallon ki.

Shi ud ɗin kansa ciwo ne na itace. Akwai bishiyar da ake kira Aquilaria, tana fita a Assam ta Indiya, da Silhet ta Bangladesh, da Kambodiya, Laos, Biyetnam, Tailan, Malesiya da Indonesiya. Lafiyayyen icenta fari ne, ba shi da wani ƙamshi. Sai bishiyar ta ji rauni, wata irin funfuna ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaro don kare kanta. Shekaru na tafiya, ƙaron na jiƙa icen yana baƙanta shi. Wannan baƙin icen ake ƙonawa a kasko, shi kuma ake daddatsawa a jiƙa a ruwa, a dafa, a tatso mansa ta hanyar tururi. A daji bishiyoyi kaɗan ne ke kamuwa, kuma an sare su har suka yi ƙaranci. Shi ya sa a 1995 aka sa babban nau'insu a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, daga baya aka haɗa da sauran danginsa. Yau yawancin ud daga gonaki yake, inda ake huda bishiyar da gangan a sa mata ciwon. Mu kuwa ba baƙonmu ba ne. A Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Umar yana turara jikinsa da icen ud, wani lokaci ya haɗa da kafur, ya ce haka Manzon Allah (SAW) yake yi.

Wardi ma ba shi da arha. Sai an tsinki fure fiye da tan 3 kafin a sami kilo ɗaya na mansa, kuma da asuba ake tsinka, kafin rana ta sha ƙamshin. Wanda aka fi sa wa turare shi ne wardin Dimashƙa da ake nomawa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya, da kuma Ɗa'ifa a Saudiyya, wanda alhazanmu suka fi sani. Haɗa shi da ud tsohuwar al'ada ce ta Larabawa da Indiyawa. Turawa sun shigo a makare. Sai a 2002 Yves Saint Laurent ya fitar da M7, a 2007 Tom Ford ya fitar da Oud Wood, daga nan kowane kamfani ya ce shi ma sai ya yi nasa. Abin da mai saye ya kamata ta sani shi ne, mafi yawan turaren feshi masu sunan ud, masu tsada da masu arha, ƙamshin ud ɗin haɗa shi ake yi da sinadarai, in ma akwai na ainihi to ɗigo ne. Wannan ba zamba ba ce, haka sana'ar take. Amma yana nufin kuɗin da aka biya na gwanintar mai haɗawa ne da sunan kamfani, ba na icen Assam ba.

Sai kuma abin da masu yabon turare a intanet ba sa faɗa, domin yawancinsu a ƙasashen sanyi suke. Akra gari ne na bakin teku. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi kan haura digiri 30, iska kuma cike take da laima, gumi ba ya bushewa. Zafi na tayar da ƙamshi da sauri kuma da ƙarfi. Turaren da Baturiya za ta fesa sau huɗu a Faris cikin hunturu, in kika fesa shi haka kika shiga trotro daga Nima zuwa Madina, kin ɗauki alhakin duk wanda ke motar. Abin da ya fi shan wahala a zafinmu shi ne zaƙi. Banila da duk wani ƙamshi mai kama da alawa sukan yi nauyi, su hau kai, su gundure mai su kafin la'asar. Da wannan ma'auni na auna huɗun nan.

Oud Satin Mood na gidan Maison Francis Kurkdjian ne, ya fito a 2015. Kurkdjian shi ne wanda ya haɗa Baccarat Rouge 540 da 'yan matan zango suka haddace sunansa. A nan wardi ne mai gida, wardin Bulgeriya da na Turkiyya, an lulluɓe shi da banila da jawi da furen bayolet mai ƙamshin hoda. Kamfanin ya ce ud ɗinsa na Laos ne, amma can ƙasa yake, a ladabce, ba ya ɗaga murya. In kin shaƙe shi za ki ji kamar an buɗe akwatin amarya mai sabuwar atamfa da hoda da alawa. Yana da kyau ƙwarai, ba na musun haka, kuma a cikin huɗun shi ne wanda kusan kowa ke so tun shaƙar farko. Yana wuni a jiki, a mayafi kuwa yakan kwana biyu. Matsalarsa a wurinmu ita ce zaƙin nan. A ɗaki mai na'urar sanyi, da dare, ko a watan Yuli da Agusta da garin ke lafawa, ko cikin ɗan hunturunmu na Disamba da Janairu, ba shi da na biyu. Da azahar a ƙarƙashin rumfar biki, mutum ɗari a cushe ana kiɗa, feshi biyu ma ya yi yawa.

Oud Ispahan na Dior ne, François Demachy ya haɗa shi, ya fito a 2012, an sa masa sunan birnin Isfahan na Iran. Shi ma wardi ne da ud, amma hanyarsa dabam. Babu alawa a cikinsa. Wardinsa busasshe ne, kamar furen da aka shanya, an zaunar da shi a kan hayaƙin itace da sandal da wani ƙaro da ake kira labdanum, mai ɗan ƙamshin fata. Mintunansa na farko na da kaifi, har wasu kan ja da baya. Ki ba shi rabin awa. Yana kwantawa ya zama wani ƙamshi mai kwarjini, irin na ɗakin hajiyar da ta san darajar kanta. A zafi na ga ya fi Satin Mood riƙe mutuncinsa, domin busasshen ƙamshi ba ya narkewa ya danƙare a fata kamar mai zaƙi.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi a wurina, kuma namu ne mu kaɗai. Amaryar zango ba ta fesa turare a kan jiki fili. Kafin kwalbar Faransa ta taɓa ta, an riga an turara kayanta da turaren wuta, na sandal da hawi da farce, wanda aka soya da sukari. An shafa mata humra, ga kwalacca, ga ɗakin kansa ya sha hayaƙi har labule. Duk waɗannan suna da zaƙi da maiƙo. In kika ɗora Satin Mood a kai, sukari ne a kan zuma, kowanne na neman danne ɗan'uwansa, a ƙarshe ba a jin ko ɗaya sosai. Ispahan kuwa, da yake shi ma ɗan hayaƙi ne, yakan shige cikin turaren wuta kamar dama tare aka haɗa su, wardin ya fito a sama fes. Wanda ya haɗa shi bai san humra ba, amma sun dace.

Ombre Nomade na Louis Vuitton ya fito a 2018, aikin Jacques Cavallier Belletrud ne. A nan ud ne da hayaƙin lubban ke mulki, ga jawi, ga ɗan tsamin rasberi, wardi na can a tsakiya. Ƙarfinsa ya wuce misali. Feshi ɗaya a babbar riga yakan tsallake wanki. Shi ne turaren da za ki ji ya riga mai shi shiga Babban Masallacin Ƙasa na Kanda ranar Juma'a, a jikin shadda mai sitaci. Mata na sa shi, kuma yana karɓar wasu, amma ni a ganina kayan ango ne. Na ce wa ƙanwata in mijinta na son ya yi wa kansa gata, ga nasa nan. Abu ɗaya da ya kamata a sani: Louis Vuitton ba ya ba dillalai turarensa, a shagunansa da shafinsa kaɗai yake sayarwa. Duk wanda kika gani a kan tebur ko a hoton WhatsApp, ko dai wani ya sayo ya sake sayarwa, ko kuwa jabu ne.

Black Aoud na Montale shi ne dattijon cikinsu, tun 2006, a kwalbarsa ta gwangwanin alminiyam da ke kare turare daga haske. Baƙin wardi ne da fachuli, wani ganye mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ud mai kaifi kamar magani. Ya fi sauran ukun sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma yana daɗewa. Sai dai ba shi da taushi, daga farko har ƙarshe murya ɗaya yake magana da ita. Ga mai son a san ta iso, ya isa. Ga amarya, ban ga wurinsa ba.

Ƙanwata ta tambaye ni game da masu yasmin, domin wata ƙawarta ta ce sun fi wardi ƙamshin mata. Fararen furanni irin yasmin suna da wani nauyi nasu da zafi ke ƙara fito da shi, ud ma haka. In suka haɗu a jiki mai gumi, ba kowane hanci ke ɗauka ba. Wardi na da ɗan sanyi da tsami da ke yanke maiƙon ud, shi ya sa tun zamanin da aka aurar da su ga juna.

To, maganar Goggo fa? Ba ta faɗi ƙarya ba. Man ud na ainihi wani abu ne dabam da duk abin da na lissafa. Da tola ake sayar da shi, kusan giram 11.7, a 'yar kwalba mai cin mililita 12, rubu'inta kuwa 3. Na Indiya, wanda masu shago ke kira Hindi, farkonsa na da wari-wari kamar na garke ko fatar da ba a gama jima ba, sai ya jima a jiki yake buɗewa ya zama ƙamshin da ba ya misaltuwa. Na Kambodiya, Kambodi, ya fi zaƙi da taushi, kamar busassun 'ya'yan itace, shi ya fi dacewa da mai fara koyo. Man ud ba ya tashi ya cika ɗaki kamar feshi. Yana kwanciya a fata, sai wanda ya matso ke jin sa, kuma a zafin Akra wannan alheri ne. Ga macen da ke kiyaye hadisin da ya hana mata shafa turare in za su masallaci, kuma ba ta son ƙamshinta ya riƙa tsayar da maza a hanya, man ud ya fi sauƙin sarrafawa. Ba shi da alkohol, don haka mai shakka kan salla da turaren feshi, abin da malamai suka yi saɓani a kai, ta huta. Wannan ne ma ya sa iyayenmu suka riƙe Bintu Sudan shekara da shekaru. Gidajen da suka yi suna a wannan fanni sanannu ne: Abdul Samad Al Qurashi na Makka, Arabian Oud da aka kafa a Riyad a 1982, da Ajmal, wanda asalinsa daga Assam ɗin ne, mahaifar ud, kafin ya koma Dubai.

Aibinsa biyu ne. Na farko, yana ɓata fararen kaya. Na taɓa ɗiga wani baƙin mai a wuyan farin leshi ana gobe suna, tabon bai fita ba har yau, kuma abin ya yi mini ciwo domin kyautar mahaifiyata ce. A fata ake shafa shi, a bari ya sha, sannan a sa kaya. Na biyu, a nan ne algus ya fi yawa. Ana tsinka shi da wasu mayuka marasa ƙamshi, ana haɗa na sinadari a kira shi Kambodi. In an ce miki ga tolar ud tsantsa a kuɗin atamfa ɗaya, ba ud ba ne. Yana iya yin daɗi, amma ki saye shi da sunansa na gaskiya.

Tsakanin kwalbar Faransa da kwalbar Goggo akwai hanya ta uku, wadda yawancinmu muke bi: turaren feshi na Dubai. An ce araha ba ta ado, amma a nan karin maganar ya ɗan gaza. Shaghaf Oud na Swiss Arabian, mai kwalbar ruwan zinare, wardi ne da za'afaran da zaƙin alawar gyaɗa a kan ud, kuma ƙarfinsa na gogayya da na manya. Kamfanin Lattafa na da jerin Bade'e Al Oud. Baƙar kwalbar, Oud for Glory, kowa ya san sawun Oud for Greatness na Initio ta bi, mai launin shunayya kuwa, Amethyst, ita ce mai wardi. Na manyan gidajen Faransa ɗaruruwan daloli ne kowace kwalba, waɗannan kuwa sau da yawa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Bambancin yana nan, ba zan ɓoye ba. A mintunan farko masu arha sun fi hayaniya da kaifin sinadari, bayan awa biyar kuma sukan zama abu ɗaya shimfiɗaɗɗe, yayin da mai tsada ke ci gaba da juyawa yana nuna sabuwar fuska. Amma wanda ya gifta ki a layin Mamobi ba zai tantance ba. Ke da mijinki ne za ku sani.

Jabu kuwa ya cika gari, na masu tsada da na masu arhan ma. Wata shekara na sayi kwalba a hannun wani mai talla da ya rantse daga filin jirgi ta fito. Kwali lafiya, leda lafiya, ƙamshin farko lafiya. Kafin in isa gidan bikin ya gudu, ya bar mini ƙaiƙayi a wuya. Tun daga ranar nake duba lambar da ke gindin kwalba ta yi daidai da ta kwali, in duba bututun ciki da murfin, amma duk wannan bai kai sanin hannun da kaya ya fito ba.

Ban yarda ƙanwata ta zaɓa da baki ba, gani ya kori ji. Muka nemi ɗan tsiyaye na Satin Mood da na Ispahan a wurin wata ƙawata da ke da kwalaben na ainihi. Ban bari ta gwada a takarda ba, takarda ba ta gumi. Ta sa rigar da aka turara tun dare, ta shafa humrarta kamar kullum, na fesa mata ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ta tafi aikenta a ƙafa har Kanda ta dawo, ta taya Goggo girki. Da la'asar ta zo ta miƙo mini hannayen biyu. Na dama, mai Satin Mood, har yanzu yana da daɗi, amma ya haɗe da humrar sun zama dunƙule ɗaya mai nauyi, ta ce tun azahar take jin sa a maƙoshi. Na hagu ya kwanta, hayaƙin ya lafa, wardin na tsaye shi kaɗai a kan ƙamshin rigar. Goggo ta kamo hannun hagun ta shaƙa sau biyu, ta ce, "Wannan ya san manya."

Duk da haka ran yarinyar na kan zaƙi, kuma ban ga laifinta ba, amarya ce. Sai muka raba gardama. Zaƙin za ta same shi a Shaghaf Oud, wanda za ta iya saye da kuɗinta, ta riƙa fesa ɗaya da dare. Ga wadda ba ta amfani da humra da turaren wuta, kuma wuninta a ofis mai sanyi yake, da Satin Mood zan ce ta ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Da magariba ta rubuta wa angon saƙo, ni ina faɗa tana bugawa: Oud Ispahan, ƙaramar kwalba, domin babba za ta daɗe a zafin ɗaki har ƙamshinta ya juya. A saye shi a shagon Dior kansa, a taho da rasit. Canjin da ya rage kuma a biya shagon Ajmal a karɓo rubu'in tola na Kambodi, a bar yayan ya shafa a bayan hannunsa ya zagaya awa ɗaya kafin ya biya. Goggo ta ce a ƙara masa cewa a naɗe 'yar kwalbar da auduga a sa ta tsakiyar kaya, kada ta fashe a jirgi.